Kiwon murjani cikin akwatin gilashi

Yara, ƙasarmu Nijar ba ta da teku. In mutum ya tashi daga Yamai yana son ya ga teku, sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1000 a mota kafin ya kai Kwatanu. Ruwan da muka sani shi ne na kogin Kwara, da tabkin Cadi, da tabkin Madarumfa, da na Tabalak. Duka ruwan daɗi ne. Ruwan teku kuwa na gishiri ne, ba ya shawuwa.

Amma akwai wani abin teku da ya daɗe cikin gidajenmu, wato murjani. Ku tambayi kakanninku mata, sun san wannan jan dutsen wuya. Na ainihi daga Bahar Rum yake fitowa, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi tun zamanin da.

A wasu ƙasashe, kamar Faransa da Jamus da Amurka da Japan, akwai masu kiwon murjani da ransa cikin ɗaki. Suna sa shi cikin akwatin gilashi mai cike da ruwan gishiri, tare da ƴan kifaye. Ana ce ma wannan akwati akwariyom. Wata Bafaransa mai binciken dabbobin teku, Jeanne Villepreux-Power, ta ƙera irinsa a tsibirin Sisili a shekara ta 1832. A shekara ta 1853 aka buɗe gidan kallon kifaye na farko a birnin Landan.

Yau za mu ga yadda sabon shiga yake fara wannan kiwo. Za ku lura da cewa aikin duka ya rataya ga abu biyu: ruwa da haƙuri.

1. Murjani dabba ne

Wanda ya ga murjani cikin ruwa zai ce itace ne mai rassa, ko kuwa dutse mai furanni. Masana ma haka suka daɗe suna zato. Sai a shekarun 1720 wani likita mutumin Marsai, Jean-André Peyssonnel, ya gano cewa dabba ne. Da farko ba a yarda da maganarsa ba.

Dabbar murjani ƴar ƙarama ce. Da yawa ba su fi ƙwayar dawa girma ba. Jikinta kamar ƴar jaka yake, bakinta na sama, ga ƴan hannuwa kamar zare kewaye da bakin. Ba ta tafiya. Tana jan sinadarin kalsiyom daga ruwan teku, ta gina ma kanta gida mai tauri, irin taurin ɓawon ƙwai da katantanwa. Dubbai suke zama wuri ɗaya. In na ƙasa suka mutu, na sama su yi gini bisa gidajensu. Kun san yadda gara, duk da ƙanƙantarta, take gina suri ya fi mutum tsawo. To, haka waɗannan ƴan dabbobi suke gina tsaunuka ƙarƙashin teku. Mafi girma yana gabas da Ostareliya, tsawonsa wajen kilomita 2300.

Murjanin da ke gina tsauni ba shi kaɗai yake zaune ba. Cikin naman jikinsa akwai wata irin gansakuka ƴar mitsitsiya, wadda ido ba ya gani. Ita ce take yin abinci da hasken rana, kamar yadda ganyen itace yake yi, ta ba murjani mafi yawan abin da yake ci. Shi kuwa ya ba ta masauki da taki. Zaman cuɗe ni in cuɗe ka ke nan. Saboda haka tsaunin murjani ba ya yiwuwa sai cikin ruwa mai ɗumi, mai haske garau, maras zurfi. Akwai shi da yawa cikin Bahar Maliya, dab da Jidda inda alhazanmu suke sauka. Gaɓar Afirka ta Yamma kuwa ba ta da manyansa, domin koguna suna zuba laka da ruwan daɗi cikin teku a wurin. Jan murjanin kakanninku wani iri ne dabam, shi ya fi son wuri mai duhu-duhu.

Ga abin da ya kamata ku riƙe tun yanzu. Tarwaɗa tana iya zama cikin tabkin da ya kusa ƙafewa. Gaiwa ma takan shige cikin laka ta kwana har damina ta dawo. Sun saba da ruwa mai sakewa. Teku kuwa ƙato ne ƙwarai, zafinsa da gishirinsa ba su sakewa da sauri. Halittun tsaunin murjani ba su saba da canji ba, kaɗan ya ishe su mutuwa. Babban aikin mai kiwo shi ne ya hana ruwan akwatinsa sakewa.

2. Kayan aiki

Sabon shiga yakan ce bari ya fara da ƙaramin akwati. Kuskure ne. Ku aje ruwa cikin moɗa da cikin randa a rana, wanne zai riga yin zafi? Na moɗa. Haka ruwa kaɗan yake saurin ɓaci. Gara a fara da akwati mai cin litar 100 ko 200.

Akwati mai litar 100, in an cika shi da ruwa da duwatsu da rairayi, ya fi buhun gero nauyi. Sai a ɗora shi bisa tebur mai ƙarfi, wanda ba ya karkata. Kada a aje shi inda rana take bugu, ko kusa da murhu. A zaɓi wurin tun farko, domin in an cika shi ba ya ɗaukuwa.

Bayan akwati, ga sauran kaya:

Fitila mai ƙarfi. Ita ce ranar murjani. Ana kunna ta awa 8 zuwa 10 kowace rana, a kan lokaci ɗaya.

Injin motsa ruwa. Murjani ba ya tafiya neman abinci, ruwa ne yake kawo masa, ruwa ne kuma yake kwashe masa ƙazanta. A cikin awa ɗaya injin ya juya ruwan akwatin duka sau goma ko fiye, dare da rana.

Injin kumfa. Yana hura ƴan ƙananan kumfa cikin ruwa. Dauɗa ta manne ma kumfan, ya hau da ita sama, ta taru cikin wani ɗan kofi, a zubar.

Ma'aunin zafi, da ma'aunin gishiri, da ƴan kwalaben gwajin ruwa.

Duwatsu masu ƙofofi-ƙofofi kamar soso, wajen kilo 1 ga kowace litar 10, da farin rairayin teku.

A kiyaye abu biyu. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe, kada a sa wani abin ƙarfe cikin akwatin, balle na jan ƙarfe, wanda yake dafi ne ga murjani. Kuma ruwan gishiri da wutar lantarki ba su ga maciji. Kada a taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu.

3. Yadda ake haɗa ruwan teku

Cikin kowace litar 1 ta ruwan teku akwai giram 35 na gishiri, wato kamar babban cokali biyu. Amma ba gishirin miya kaɗai ba ne. Wajen giram 30 ne irin na miya. Sauran giram 5 ɗin wasu sinadarai ne, kamar manyeziyom da kalsiyom da fotasiyom. In babu su murjani ba zai iya gina gidansa ba. Saboda haka gishirin kasuwa ba ya yi, kantu ko bezar Bilma ba su yi, kanwa ma ba ta yi. Akwai gishiri na musamman da ake haɗawa a masana'anta domin wannan aiki.

Ruwan ma ba kowanne ba. Ruwan fanfo yana da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ruwan rijiya kuwa yana ɗauke da abubuwan da ya kwaso cikin ƙasa. Mu muna sha lafiya lau, amma murjani ba ya jurewa. Sai a tace ruwan da wani inji mai matsa shi ta cikin rariya mai ƙofofin da ido ba ya gani, ya fito tsantsa.

Ana zuba gishirin cikin ruwa, ba ruwa cikin gishiri ba. A bar injin yana motsa shi kwana ɗaya, sa'an nan a auna. Ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi nauyi: litar 1 ta ruwan daɗi giram 1000 ce, ta ruwan teku kuwa wajen giram 1025. Wannan nauyi ne ma'aunin gishiri yake nunawa. In ya nuna 1025 ko 1026, ruwa ya yi daidai. Zafinsa kuma ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26.

Ga wata tambaya da take kayar da sababbin shiga. Kullum ruwan akwatin yana raguwa, domin iska tana shan sa. Da wane ruwa za a cika shi, na gishiri ko na daɗi?

Ku tuna da mutanen Bilma da Fashi. Suna barin ruwan gishiri cikin ramuka, rana ta shanye ruwan, gishiri ya saura, su kwashe, ayarin raƙuma ya zo ya ɗauka. Ruwa ne yake tashi, gishiri ba ya tashi. Haka yake cikin akwati. In ruwa ya ragu, gishirin yana nan duka, har ma ya ƙara kauri. Wanda ya cika da ruwan gishiri ya ƙara gishiri bisa gishiri, kwana kaɗan dabbobinsa su mutu. Da tataccen ruwan daɗi ake cikawa. A yi alama jikin gilashi, kowace rana a mayar da ruwa daidai alamar.

4. Makonnin jira

An jera duwatsu, an shimfiɗa rairayi, an zuba ruwa, inji yana aiki. Ruwa ya kwanta garau, gwanin kyau. A nan ne zuciya take ce ma mutum: je ka sayo kifi. Wanda ya bi ta, cikin mako ɗaya zai kwashe gawa. Me ya sa?

Kifi yana ci, yana fid da ƙazanta cikin ruwan da yake zaune. Cikin ƙazantar akwai wani dafi mai suna amoniyak. Kun san zarnin da ke tashi a turken dabbobi in ba a share ba. To, shi ne. A teku ruwa yana da yawa, dafin ya ɓace. Cikin akwati kuwa ba shi da wurin zuwa. Yana ƙone ma kifi wurin numfashinsa.

Masu ceton kifi wasu halittu ne ƙanana ƙwarai, ana ce musu bakteri. Ba dukan bakteri ne masu kawo ciwo ba, akwai masu amfani, kamar waɗanda ke mayar da madara nono. Iri na farko suna cin amoniyak, su mayar da shi nitirit. Nitirit ma ba a son sa cikin ruwa. Iri na biyu su ci nitirit, su mayar da shi nitirat. Shi nitirat da sauƙi, irin abin da ke cikin takin zamani ne, ba ya cutarwa sai in ya taru da yawa.

Waɗannan bakteri jikin duwatsu da rairayi suke zama. Shi ya sa ake zaɓen dutse mai ƙofofi, domin su sami ɗakuna da yawa. In sun cika dutse, masu kiwo sukan ce masa dutse mai rai. Amma sabon akwati ba shi da su, sai ƴan kaɗan, kuma ba su saurin haihuwa. Dole a jira su yawaita.

Ga yadda ake yi. A jefa ɗan abincin kifi cikin akwatin, a bar shi ya ruɓe. Shi ne abincin bakteri na farko. Bayan kwana biyu ko uku, a ɗebi ruwa cikin ƴar kwalba, a ɗiga maganin gwaji, a dubi launin da ya fito, a rubuta cikin littafi. Da farko amoniyak zai hau. Daga baya ya sauka, nitirit ya hau. Daga baya shi ma ya sauka, nitirat ya bayyana. Ranar da amoniyak ya koma sifiri, nitirit ma sifiri, akwati ya nuna. Wannan yakan ci mako 4 zuwa 6, wani lokaci fiye.

Cikin waɗannan makonni akwatin yakan yi muni. Wata gansakuka mai launin ƙasa-ƙasa ta rufe rairayi da gilashi, bayanta wata tsanwa ta biyo. Kada a firgita, kada a zubar da ruwan, kada a wanke duwatsun. Wanda ya wanke ya kashe bakterin da yake jira, ya koma farko. Gansakukar za ta ragu da kanta. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. A nan dutse ne sosai ake jira ya nuna.

5. Baƙin farko

Ba a kawo dabbobi gaba ɗaya. Kowane baƙo yana ƙara ƙazanta, bakteri kuma suna bukatar lokaci su ƙaru daidai da ita.

Masu shara ne suke fara shiga, wato dodon koɗi na teku. Su ne za su lashe gansakuka.

Bayan mako ɗaya ko biyu, in gwaji ya nuna ruwa lafiya, a kawo kifi ɗaya ko biyu. Wanda ya fi dacewa da sabon shiga wani ɗan kifi ne mai launin lemo da farar ɗamara uku. Faransawa suna ce masa kifi ɗan kama, saboda adonsa da rangwaɗarsa. Yana da juriya, ba ya zaɓen abinci. Akwati mai litar 100 ba ya ɗaukar fiye da ƙananan kifaye uku ko huɗu, kuma tsakanin wannan da wancan a bar mako biyu ko uku.

Sai murjani. Iri biyu ne manya: mai taushi da mai tauri. Mai taushi ba ya gina gidan dutse, jikinsa kamar fata yake. Ya fi yafe ma mai kiwo kuskure, da shi ake farawa. Mai tauri, mai rassa kamar ƙahon barewa, sai akwati ya yi wata 6 ko shekara, mai kiwo kuma ya iya auna kalsiyom yana mayar da wanda aka cinye. Kada a jera murjani dab da juna, domin suna faɗa: wani yakan miƙa hannuwansa da dare ya harbi maƙwabcinsa. Mai taɓa su ya sa safar hannu, ya kiyaye idonsa da bakinsa, domin wasu suna da dafi mai tsanani.

Baƙo cikin leda yake zuwa da ruwansa. Ba a juye shi nan take. A ɗora ledar bisa ruwan akwati minti 15 ko 20, zafinsu ya zama ɗaya. Sa'an nan a riƙa zuba masa ruwan akwati kaɗan-kaɗan, wajen rabin awa. Daga nan a ɗauki dabbar a sa ta, a zubar da ruwan ledar waje.

Makiyayi mai hankali ba ya haɗa tunkiyar da ya sayo yau a kasuwa da garkensa, sai ya ga lafiyarta. Haka ake yi ma sabon kifi. A aje shi cikin wani ƙaramin akwati shi kaɗai wajen mako 4. Akwai wani ciwo mai sa fararen ɗigo-ɗigo jikin kifi, mai saurin yaɗuwa. Maganinsa da aka fi sani yana da jan ƙarfe, in an zuba shi cikin babban akwati sai ya kashe murjani da dodon koɗi duka. Rigakafi ya fi magani.

6. Aikin yau da kullum

Kowace rana: a dubi ma'aunin zafi. A ƙirga kifaye, a ga ko duka suna ci. A dubi murjani, in ya buɗe hannuwansa yana jin daɗi, in ya ƙudundune kwana da kwanaki akwai abin da ke damunsa. A cika ruwan daɗi zuwa alama. A ba da abinci kaɗan, wanda za su cinye cikin minti biyu. Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifin akwati, domin ragowar ruɓewa take yi.

Kowane mako: a goge gilashi, a zubar da dauɗar injin kumfa, a auna gishiri da nitirat, a rubuta.

Kowane mako ɗaya ko biyu: a kwashe kashi 10 cikin 100 na ruwan, a mayar da sabon ruwan gishiri da aka haɗa tun jiya, mai zafi ɗaya da gishiri ɗaya da na akwatin. Wannan yana rage nitirat, yana kuma mayar da sinadaran da murjani ya cinye. Ku bambanta: ruwan da iska ta sha, da ruwan daɗi ake mayar da shi; ruwan da aka kwasa da hannu, da ruwan gishiri.

Kafin a sa hannu cikin akwati a ɗauraye shi sosai, kada sabulu ko man shafawa ya saura. Kada a fesa maganin sauro cikin ɗakin.

In an ga wani abu ya karkace, a gyara shi sannu-sannu, cikin kwanaki. Gyaran gaggawa yakan fi ɓarnar da ake son a gyara.

7. Zafi da ɗaukewar wuta

In zafin ruwa ya haura, murjani yakan kori gansakukar da ke cikin jikinsa. Sai launinsa ya zube, ya koma fari fat kamar ƙashi. Bai mutu ba tukuna, amma ya kori mai dafa masa abinci. In sanyi ya dawo da wuri, gansakukar ta dawo, ya farfaɗo. In zafi ya daɗe, yunwa ta kashe shi.

Mai kiwo a ƙasar sanyi ɗumama ruwa yake yi. A ƙasar zafi kuwa sanyayawa ce wahalar. Ana iya sa fanka ta riƙa hura bisa ruwan. Ruwan da ke tashi yana tafiya da zafi, kamar yadda zufar randa take sanyaya ruwan cikinta. Amma wannan ba ya rage fiye da digiri biyu ko uku. A Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, inda zafin bazara yake wuce digiri 40, sai da injin sanyaya ruwa.

In wuta ta ɗauke, injin motsa ruwa ya tsaya, iskar da kifi yake shaƙa cikin ruwa ta fara ƙarewa. Cikin ƴan awoyi ana iya yin hasara. Mai kiwo ya tanadi ɗan injin iska mai aiki da batir. In babu, ya riƙa ɗibar ruwan da moɗa yana kwararo shi daga sama, har wuta ta dawo.

Kun ga ke nan wannan kiwo yana da tsada da wuya a ƙasarmu. Amma ajinku yana iya kiwon ƴan karfasa cikin ruwan daɗi. Ba su bukatar gishiri, suna jure zafi. Sauran dokokin kuwa ɗaya ne: a jira bakteri, kada a cika kifi, kada a cika abinci, a riƙa sake ruwa kaɗan-kaɗan.

8. Daga ina dabbobin suke fitowa?

Tsaunukan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma wajen rubu'in ire-iren halittun teku sun dogara da su. Mutane miliyoyi suna cin kifinsu. Suna kuma karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta kai garuruwan gaɓa.

Abin da zafi yake yi cikin akwati, shi yake yi cikin teku. In zafin teku ya ɗara wanda aka saba da digiri 1 kawai har makonni, murjani ya fara fari. Duniya tana ƙara ɗumi, saboda haka abin ya yawaita. A 1998 da 2016 da 2024 murjani ya yi fari a tekuna da yawa, mai yawa kuma ya mutu.

Akwai wata ɓarna kuma. A wasu wurare na Filifin da Indunisiya an sami masunta masu fesa dafi cikin ramukan murjani domin su sumar da kifi su kama shi da rai, su sayar ma masu akwati. Doka ta hana. Dafin yana kashe murjanin wurin, kifin da aka kama ma sau da yawa ba ya daɗewa.

Saboda haka mai kiwo na kirki yakan tambayi mai sayarwa: daga ina? Kifi ɗan kama tun shekarun 1970 ake haifar sa cikin gidajen kiwo. Murjani kuma dasa shi ake yi. A yanki ɗan reshe, a manna shi bisa dutse, ya kama ya girma, kamar yadda ake dasa karan rogo. Wanda ya sayi haifaffen gida da dasasshe bai cire ma teku komi ba. Wanda kuma ya yi haƙuri dabbobinsa suka rayu, ba zai koma kasuwa kowane wata yana sayen wasu ba.

Mu riƙe

Murjani dabba ne mai zama tare da gansakuka. Yana son haske, da ruwa mai motsi, da zafi da gishiri waɗanda ba su sakewa. Ba a sa kifi cikin sabon akwati sai amoniyak da nitirit sun koma sifiri. Ruwa yana tashi, gishiri ba ya tashi. Rai amana ne ga wanda ya ɗauko shi ya sa cikin akwati.

Ma'anar kalmomi

Akwariyom: akwatin gilashi da ake kiwon halittun ruwa a ciki.
Bakteri: halittu ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita.
Amoniyak: dafin da ke fitowa daga ƙazanta da abin da ya ruɓe.
Kalsiyom: sinadarin da ke cikin ƙashi da ɓawon ƙwai da katantanwa.
Digiri: awon zafi.

Tambayoyi

1. Me gansakuka take ba murjani? Me shi kuma yake ba ta?
2. Don me babban akwati ya fi ƙarami sauƙin kiwo?
3. Don me gishirin Bilma ba zai yi wannan aiki ba?
4. Ku faɗi aikin bakteri iri na farko da iri na biyu.
5. Wani ya cika sabon akwatinsa ran Litinin, ya zuba kifi goma ran Talata. Me zai faru? Don me?
6. Me yake sa murjani ya koma fari?

Lissafi

1. Wani akwati yana da tsawon santimita 50, faɗi 50, zurfi 40. Litar nawa yake ci?
2. Giram nawa na gishiri ke cikin ruwansa? Kilo nawa ke nan?
3. In za a sake kashi 10 cikin 100 na ruwan, litar nawa za a haɗa, da giram nawa na gishiri?

Aiki

Ku narkar da babban cokali biyu na gishiri cikin litar 1 ta ruwa. Ku ɗanɗana da bakin yatsa: haka ruwan teku yake. Ku zuba shi cikin faffaɗar tasa, ku yi alama inda ya tsaya, ku aje a rana. Kowace safiya ku auna yadda ya ragu, ku sake ɗanɗanawa, ku rubuta. In ruwan ya ƙafe, ku nuna ma malam abin da ya saura cikin tasar.